Haƙori Ɗaya, Buhu Nawa? Ciwon da Ba Ya Cikin Lissafin Kowa a Kudancin Kano

Magidanci a Tudun Wada ko Kiru zai iya lissafa maka abin da zai ci masa kuɗi daga wannan kaka zuwa ta baɗi ba tare da ya ɗauki biro ba: taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago, kayan sallar yara, gudummawar biki, da ragon suna idan uwargida na da juna biyu. Mai hangen nesa har yakan ware buhu ɗaya ko biyu saboda zazzaɓin damina. Amma da wuya ka samu wanda ya sa haƙori a wannan lissafi. Shi ya sa ranar da turmin haƙori ya motsa da tsakar dare, kunci ya kumbura, barci ya gagara, abin da ake fara taɓawa shi ne abin da aka ajiye don wata buƙata: akuyar uwargida, buhun masarar da ake jira farashinsa ya tashi, ko kwasar adashin da ba a kai ga lokacinta ba.

Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana Bebeji. Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, Doguwa kuma wajen masara, ga Riruwai da tarihin haƙar kuza. Mafi yawan mutanen yankin ba 'yan albashi ba ne. Kuɗinsu na shigowa ne lokaci guda, idan amfanin gona ya zo gida, sannan a yi ta jan sa har wata shekara. Haƙori kuwa bai san kaka ba. Yakan tashi a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin taki bai dawo ba.

Yadda ɗan rami ke zama bashi

Mai ciwo gani yake abin ya zo masa kwatsam. A wurin likita ba haka ba ne. Ruɓar haƙori aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori mai tauri. A wannan mataki babu zafi ko kaɗan. Idan ramin ya ratsa ɓawon ya shiga ɓangaren da ke ƙarƙashinsa, sai mutum ya fara jin tsam idan ya sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, ya koma tauna da ɗaya gefen, ya ci gaba da harkarsa. Nan ne aikin yake da arha: a share ramin a cike shi, zama ɗaya. Kamar ɗigon soro ne, wanda da rani kwanon ƙasa ɗaya ya ishe shi, amma idan aka bar shi damina biyu sai an sauya azara.

Idan ruɓar ta kai ga jijiya, nan ne ake samun ciwon da ke hana barci, mai bugawa har cikin kunne da rabin kai. Sai kuma wani abu ya faru da ke yaudarar mutane da yawa: bayan kwanaki zafin yakan ɗauke. Mai ciwo ya ce maganin da ya sa ya yi aiki, alhali jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun gangara saiwar haƙorin, suna tara mugunya a cikin ƙashin muƙamuƙi. Daga nan zaɓi biyu ne ya rage. Ko a cire haƙorin, ko a yi aikin da ake kira kashe jijiya, wato a kwashe abin da ya mutu a cikin saiwar, a wanke, a toshe. Aiki na biyun yakan buƙaci hoto da zuwa fiye da sau ɗaya, kuɗinsa kuma ya ninka na cirewa sau da yawa, sannan idan turmi ne galibi sai an yi masa rufi a kai don kada ya tsage. Manomin da ya ji lissafin nan amsarsa sananniya ce: “Likita, a cire kawai.”

Ba ƙaramar asara ba ce. Turmin da aka cire ya tafi ke nan, maƙwabtansa su fara karkacewa zuwa gurbin, na sama ya zazzago, tauna ta ragu. Dattijon da ya daina cin nama da gyaɗa ya koma kunu da fura, sau da yawa ba shekaru ne kaɗai suka kai shi ba, jerin irin wannan shawara ce da aljihu ya yanke masa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma matakin da ba a maganar zaɓi. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin haɓa da harshe, wuya ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya fara wuya. Wannan kan kashe mutum cikin 'yan kwanaki, kuma masu ciwon suga sun fi shiga haɗarinsa. Wanda ya kai nan sai gado, ƙarin ruwa, allurai da tiyata a babban asibiti. Abin da aka ƙi kashewa a farko sai a kashe ninkinsa ba adadi, a haɗa da abincin masu jinya a birni.

Kuɗin mota ya fi kuɗin likita

Najeriya tana da mutane sama da miliyan 200, likitocin haƙorinta kuwa 'yan dubbai ne, kuma akasarinsu suna manyan birane. A Kano, manyan ayyukan haƙori da tiyatar muƙamuƙi sun taru ne a cikin birni, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero ke samun horo, da Asibitin Murtala, da asibitoci masu zaman kansu.

Yanzu ka ɗauki mutumin Doguwa. Zai ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Ɗangora, sannan ya hau titin Zariya zuwa Kano. Tafiya ce ta sa'o'i, kuma ba kowa ke son dare ya yi masa a dajin ba. Mai kumburarren kunci ba ya tafiya shi kaɗai. Idan mace ce sai da miji ko ɗan'uwa, wataƙila da goyo. Kuɗin mota ya zama na mutum biyu, zuwa da dawowa. Idan an isa an tarar layi ya cika, ko aka ce sai kumburi ya sauka a dawo mako mai zuwa, lissafin ya sake ninkuwa. Ga wunin gona ko na kasuwa da ya tafi. Mutumin Bebeji ko Kafin Maiyaki ya fi shi kusa da birni, amma shi ma wuni guda ne cur.

Tun 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur, wannan ɓangaren na lissafin ya ƙara nauyi. Faɗuwar naira ta zo ta same shi: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin lokacin ta haura 1,500 a 2024. Kusan duk abin da likitan haƙori ke taɓawa daga waje ake shigo da shi, tun daga allurar kashe zafi har abin cikewa da fim ɗin hoto, kujerar kuma sai da wuta, wato sai da janareta. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, wanda ta hannunsa Augmentin, Panadol, Sensodyne da Macleans suka shiga gidajen 'yan Najeriya, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar. A Disambar shekarar, kamfanin P&G mai Oral-B ya ce zai daina sarrafa kaya a nan ya koma shigo da su. Har man goge baki ya shiga jerin abubuwan da ake tunani kafin a saya.

Me katin inshora ya ɗauka?

Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. An daɗe ana neman rage wannan. Dokar kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa ta fito a 1999, shirin ya fara aiki a 2005, kuma shekaru da dama ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Wajabcin yana kan takarda. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke da rajista a faɗin ƙasar wajen miliyan 19 ne, ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba.

Kano ta yi tata dokar a 2016, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta haifar da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. An gina shirin a kan karo-karo da taimakon juna domin ya samu karɓuwa a wurin malamai da jama'ar da ke ɗari-ɗari da inshora. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ana cire nasu kason daga albashi, don haka malamin firamare a Kiru ko ma'aikacin sakatariya a Bebeji yana da kati. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta samar, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ake kuma yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista da shi, musamman mata masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Manomi mai ƙarfi a jika, ɗan kasuwa, ɗan acaɓa, mai sussukar shinkafa, su ne suka faɗa tsakiya: ba su da albashin da za a cira, ba su kuma cikin jerin masu rauni. Sai dai su kai kansu su biya.

To ko mai katin ma, ina haƙori ya tsaya? A ƙa'idojin shirin ƙasa, wanda jihohi suka ɗauki samfurinsa, an yarda da ganin likita, rage zafi, cike rami da cire haƙori mai sauƙi. An kuma fitar da wasu ayyuka ƙarara: rufin haƙori, haƙoran da ake ɗaurawa a kan maƙwabtansu don cike giɓi, dashen haƙori a cikin ƙashi, da faranta haƙora. Magani kuma mai kati yakan biya kashi 10 cikin 100. A ce an fitar da faranta haƙora, ba mai jayayya, kwalliya ce. Amma rufin turmin da aka kashe wa jijiya ba kwalliya ba ne, shi ne ke sa aikin ya daɗe. Tsarin, a yadda yake, yana tura mai kati zuwa inda talauci ke tura marar kati, wato cirewa.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma a karkara. Mai kati yana da asibitin farko da ya zaɓa, galibi na kusa da gida. Aikin haƙori kuwa a mataki na biyu yake, sai an rubuta masa takardar turawa, sai an samu amincewa, sannan ya tafi inda kujerar take. Katin zai biya cirewa, amma ba zai biya motar Doguwa zuwa Kano ba, ba zai biya abincin ɗan rakiya ba, ba zai rama wunin da aka rasa ba. Wato ya ɗauke ƙaramin kaya ya bar wa mutum babban. Ma'aikacin da ya auna haka sau ɗaya, karo na biyu kemis zai nufa da katinsa a aljihu.

Kemis, kanumfari da wanzami

Abin da ake yi kafin a kai ga asibiti kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana farawa da ruwan ɗumi da gishiri, wanda ba ya cutarwa. Sai kanumfari, wanda da gaske man da ke cikinsa yana kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma sun daɗe suna amfani da shi. Daga nan sai kemis: maganin zafi da kafso na kwana biyu ko uku, daidai kuɗin da ke hannu. Kumburi ya sauka, a daina sha, bayan wata biyu ya dawo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da ruɓaɓɓen haƙori, domin jini ba ya kai shi cikin jijiyar da ta mutu. Idan aka tara abin da wani ya kashe a kemis cikin shekara a kan haƙori ɗaya, ya isa a ce an cike shi tun farko, ga kuma gyambon ciki da wahalar ƙoda da yawan shan maganin zafi kan jawo.

Akwai waɗanda azaba kan kai su ga abin da ya fi haka muni: danna ƙwayar asfirin a kan dasashi har ta ƙone shi, ɗiga fetur, ko ruwan batir. Akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna “fitar da tsutsa” daga haƙori, alhali babu wata tsutsa a ciki. Akwai masu cirewa da ƙarfen da ba a dafa ba, su karya haƙorin su bar saiwa, ko su sa wa mutum ciwon hanta daga bakin wanda ya riga shi zama. Jihar Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, kuma takan rufe na bogi. Sai dai muddin mai cirewa a kasuwa yana nan kusa, kuɗinsa kaɗan, yana kuma karɓar bashi, likita yana bayan daji, kame kaɗai ba zai raba shi da masu zuwa ba.

Tsoro ma yana da nasa kaso. Ana yawan cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, ko mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Duka biyun ba haka suke ba. Mai juna biyu ana yi mata aiki, an ma fi son tsakiyar cikin, kuma barin mugunya a bakinta ya fi allurar kashe zafi haɗari. Ba kuma za a ce Bahaushe bai damu da haƙori ba. Mutumin da ke yaba wushirya, yake riƙe da asuwaki a matsayin sunna, hajiya ta dawo da haƙorin Makka ana yi mata barka, ya san darajar baki. Abin da bai saba da shi ba shi ne kai haƙorin da ba ya ciwo wurin likita. Asuwaki yana share datti sosai, amma abincin ya sauya: shayi mai sukari safe da yamma, lemon kwalba, alawa da biskit a hannun yara duk wuni. Yawan maimaita zaƙin ya fi yawansa ɓarna, kuma abin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori a kansa shi ne sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki.

A yara masu tamowa kuwa, ciwon dasashin da aka raina yana iya rikiɗa ya zama cutar noma, mai cinye kunci da leɓe cikin makonni, wadda ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. A farkonta maganinta ba shi da tsada. A ƙarshenta sai tiyata bayan tiyata.

Ba mu kaɗai ba ne, amma akwai waɗanda suka gwada

Ware baki daga sauran jiki tsohuwar ɗabi'ar masu tsara inshora ce. Ingila ta kafa tsarin lafiya kyauta a 1948, cikin shekara uku aka sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa tsarin, ya ajiye muƙaminsa na minista a 1951. A Amurka, shirin Medicare na tsofaffi ba ya biyan aikin haƙori na yau da kullum, kuma a 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Maryland bayan mugunyar haƙori ta kai masa ƙwaƙwalwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki.

Abin da ya fi dacewa da Kiru da Doguwa daga Afirka ya fito. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara gwada wata hanyar cike haƙori a Tanzaniya wadda ba ta buƙatar wuta ko injin huda: a kankare ruɓar da ƙananan kayan hannu, a cike da wani irin siminti mai sakin fuloraid. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magunguna, tare da man goge baki mai fuloraid da wani ruwa mai sinadarin azurfa da ake shafa wa rami ya tsayar da ruɓa, ko da yake yakan baƙanta wurin. Duk waɗannan ma'aikacin haƙori mai matsakaicin horo zai iya yin su a ɗaki ɗaya na asibitin mazaɓa. Brazil ta bi wannan hanya, ta sa ma'aikatan haƙori cikin tawagar lafiya ta unguwa-unguwa. Najeriya ma tun 2012 take da manufar lafiyar baki ta ƙasa da ke cewa a shigar da aikin cikin matakin farko.

A ganina nan ne ya kamata kuɗin taimakekeniya ya fara zuwa. Faɗaɗa jerin abin da kati ke biya yana da kyau, amma ba zai amfani mutumin Riruwai ba idan kujerar tana Kano. Akwai Makarantar Koyon Aikin Lafiya a Bebeji, a cikin yankin kansa, wadda 'ya'yan yankin za su iya fitowa daga cikinta su zauna a garuruwansu. Zaɓen 2023 ya kai Abdulmumin Jibrin Kofa da Alhassan Ado Doguwa Majalisar Wakilai daga waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, Kawu Sumaila kuma Majalisar Dattawa daga Kano ta Kudu. Aikin mazaɓa da zai sa kujera ɗaya da ma'aikaci ɗaya a kowane babban gari, ko motar haƙori mai bin ranakun kasuwa, bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Ita ma hukumar KSCHMA za ta samu manoma da yawa idan ta je musu da kaka, a bakin kasuwar hatsi, ta karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya lokacin da yake hannu, ta hanyar ƙungiyoyinsu na manoman shinkafa da masara.

Kafin a kai can, abin da ya rage wa magidanci ɗan kaɗan ne amma yana rage asara. Mai kati ya tambaya a asibitinsa na farko, tun yana lafiya, wane aikin haƙori aka ɗauka, ina ake turawa, wace rana ake ganin masu ciwon haƙori, don kada ya yi doguwar tafiya a banza. Wanda aka yanka wa kuɗi ya nemi a faɗa masa na aikin gaba ɗaya har ƙarshe, da yawan zuwan da zai yi, kafin a fara, domin kashe jijiyar da aka bari a rabi ya fi cirewa tsada. Asibitin koyarwa yakan fi na kuɗi sauƙi, sai dai a yi haƙuri da layi. Haƙorin da ya fara tsam da ruwan sanyi, a haɗa dubansa da wata tafiyar birni da kaka. Amma kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau kusa da ido, ko bakin da ya ƙi buɗuwa tare da zazzaɓi, wannan ba ya jiran ranar kasuwa ko a sayar da akuya. A ranto kuɗin mota a tafi babban asibiti mafi kusa a ranar.